Waiwaye: Daga Kotun Bakori Zuwa Ofishin Mai Makaranta

A ranar 22 ga Maris, 2002, kotun shari'ar Musulunci da ke Bakori ta yanke wa Amina Lawal, mutuniyar ƙauyen Kurami, hukuncin jefewa. Bazawara ce, ta haihu, aka ce ba aure. Mutumin da ta ambata ya musanta, ya rantse da Alƙur'ani, aka sallame shi ya koma gidansa. Ita kuwa shaidar da aka kama ta da ita tana goye a bayanta. Abin da mutane ba su cika tunawa ba shi ne, a wannan zama na farko babu lauya ko ɗaya a gefenta. Aka tambaye ta, ta amsa, aka rubuta, aka yanke.

Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta na shekarar, ta ce a jira sai ta yaye. Sai ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Tsakanin waɗannan ranaku duniya ta yi ta hayaniya. An yi ta sa hannu a takardun koke daga Turai da Amurka, wasu 'yan takarar sarauniyar kyau ta duniya suka ce ba za su zo Najeriya ba. Amma duk wanda ya bi hukuncin Katsina ya san ba hayaniyar ce ta kuɓutar da ita ba. Ƙungiyar BAOBAB ma, wadda Ayesha Imam ke cikin jagorancinta, sai da ta fito a 2003 ta roƙi mutanen waje su daina aiko da koke-koken nan, domin wasunsu cike suke da kurakurai, kuma suna ƙara hura wutar taurin kai ne kawai. Aikin lauyoyi ne ya yi tasiri, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da abokan aikinsu, da tallafin ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB. Ba su je sun zagi shari'a ba. Cikinta suka shiga suka zaƙulo hujja: alƙali ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce a zauna da mataimaka, wanda ya yi iƙirari yana da damar janye shi, a mazhabar Malikiyya kuma an san kwantaccen ciki, wanda za a iya jingina shi ga tsohon miji har shekara biyar bayan rabuwa. Duk waɗannan hujjoji suna nan tun ranar da aka yi zaman Bakori. Wanda zai faɗe su ne babu.

Na ɗauko wannan tsohon labari ne saboda wata magana da ba a so a yi a ƙasar Maska, wato abin da mata ke gani a wuraren aiki. Shekaru ashirin da suka wuce, matan da ke fita aikin albashi a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur ba su da yawa: malaman firamare, ungozomomi da ma'aikatan jinya, 'yan ƙalilan a sakatariyar ƙaramar hukuma. Aikin injin gurzar auduga da masaƙa na maza ne, kuma doka da kanta ta taimaka wajen haka, domin sashe na 55 na Dokar Ƙwadago ya hana sa mace aikin dare a masana'anta ko a harkar gona, ban da ma'aikatan jinya da masu riƙe da muƙamin shugabanci. Masana'antar da injinta ba ya kwana, wace mace za ta ɗauka? Yau abin ya sauya. Makarantun kuɗi sun cika unguwanni, ga ƙananan asibitoci da shagunan magani, ga rumfunan cirar kuɗi, ga gidajen burodi da na ruwan leda. Ga kuma matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, waɗanda da asuba za ka gan su tsaye bakin hanya suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa cirar auduga ko karyar masara ko sheƙar waken suya. Da yawansu mazajensu sun mutu. Wanda ke zaɓen wadda za ta hau motar, shi ke riƙe da abincin 'ya'yanta na ranar.

A wannan tsakanin dokar ma ta yi tafiya mai nisa, kuma ya kamata a san inda ta kai.

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya daɗe da hana nuna bambanci saboda jinsi. Amma babban sauyi ya zo ne da gyara na uku da aka yi wa kundin, wanda ya fara aiki a 2011. Gyaran ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa zuwa sahun manyan kotuna, ya kuma ba ta ita kaɗai hurumin sauraron rigimar aiki, aka ambaci wariya da neman lalata a wurin aiki ƙarara a sashe na 254C. Har aka ba ta ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. A Disamban 2013 kotun ta nuna da gaske take. Wata ma'aikaciyar kamfanin Microsoft a Legas ta kai ƙara cewa shugabanta yana taɓa jikinta, da ta ƙi yarda aka sallame ta. Mai shari'a Obaseki-Osaghae ta gamsu da hujjarta, ta ci shugaban da reshen kamfanin na Najeriya da uwar kamfanin diyyar naira miliyan 13 da dubu 225 kowannensu. Abin lura a nan shi ne ba a bar wa mutumin laifin shi kaɗai ba. Kamfanin da ya ji ya yi shiru, shi ma ya biya.

A ɓangaren wariya kuwa, 'yan sanda sun sha kaye. A 2012 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke ƙa'idar da ta ce 'yar sanda sai ta nemi izinin kwamishina kafin ta yi aure. A Janairun 2021 aka kori wata 'yar sanda a Jihar Ekiti saboda ta yi ciki ba aure, bisa ƙa'ida ta 127, ƙa'idar da ba ta ce komai ba a kan ɗan sanda namiji da ya yi wa wata ciki. Kotun Ma'aikata da ke Akure ta soke ƙa'idar a Janairun 2023, ta ba matar diyyar naira miliyan 5. Mutum na iya ƙyamar abin da ta aikata, kuma addininmu ya ƙyamace shi ga mace da namiji baki ɗaya. Tambayar da kotu ta amsa daban ce: a kan laifi ɗaya, don me za a kori ɗaya a bar ɗaya?

Sauran kuma a taƙaice. Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Nuwamban 2022, wadda ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, kuma ta haɗa har da mai neman aiki da mai koyon sana'a da mai aikin da ba na ofis ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda da farko Abuja kaɗai ta shafa, Gwamna Dikko Raɗɗa ya sa mata hannu ta zama dokar Jihar Katsina a ƙarshen 2023.

A takarda dai an gama. Yanzu bari mu shiga ofishin mai makaranta.

Na san wata malama, mai takardar NCE, da ta koyar a wata makarantar kuɗi a yankin nan. Ba ta da takardar ɗaukar aiki. An ce mata ne kawai ta fara zuwa ranar Litinin. Albashi a hannu ake ba su, a ofis, ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum ita ce ta ƙarshe. Mai makarantar zai ƙirga kuɗin, ya riƙe su a hannu, ya ce, "Malama, wannan ɗan abin ai ba zai ishe ki ba. Ke ce ba ki so a taimake ki." Daga nan sai saƙo da dare a waya. Daga nan sai "ki tsaya bayan an tashi, akwai maganar da za mu yi." Da ta ƙi tsayawa, aka ɗauke ta daga aji shida aka mai da ita ajin rainon yara, aka fara yanke mata kuɗin latti da ba a yanke wa kowa. Wata biyu ta yi ba ta gaya wa mijinta ba. Ba don tana da abin ɓoyewa ba. Ta san abin da zai ce, kuma da ta gaya masa, shi ya ce: "Daga yau kin bar aikin nan. Dama ni ban so ba." Da maganar ta kai ga yayanta, ya ce a je a samu mutumin. Aka je da wani dattijo. Mutumin ya ce, "Haba Alhaji, ni da nake ɗaukarta kamar ƙanwata?" Dattijo ya ce a rufa wa juna asiri, a bar kaza cikin gashinta. Aka yi addu'a aka tashi. A unguwa kuma wata tsohuwa ta ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ta rasa aiki, ta rasa albashin wata ɗaya da ba a biya ta ba, ta kuma rasa damar sake neman wani aikin, domin maigida ya samu hujja. Saƙonnin kuwa, ta goge su tun ranar da suka shigo, don kada mijinta ya gani ya fassara su yadda ba haka ba.

Wannan ne inda dokar Legas da Abuja ba ta hango ba. Ita dokar ta ɗauka mace na tsoron mai gidan aiki ne kawai. A nan tsoro biyu take ji. Idan ta yi magana, ofis zai kore ta, gida kuma zai hana ta fita. Ga mai aure, ƙorafin kansa na iya zama abin zargi. Ga budurwa, ana gudun kada zancen ya kai kunnen manema. Ga bazawara kuwa, an riga an yanke mata hukunci tun kafin ta buɗe baki. Mutumin da ke yin wannan ɗabi'a ya san duk wannan lissafin, shi ya sa bai damu da ɓoye hannunsa sosai ba.

Ba na raina sulhu. Sulhu alheri ne, kuma mafi yawan rigingimun ƙasar nan a zauren mai unguwa da gaban liman suke mutuwa, da ba haka ba da kotuna sun cushe. Sai dai sulhun da za a tashi mace ta bar aikinta, namiji ya koma kujerarsa yana jiran wadda za a ɗauka a madadinta, wannan ba sulhu ba ne. An dai kashe maganar. Da a wannan zaman akwai wanda ya san doka, da ya ce a biya ta albashinta da kuɗin sallama, a rubuta, a sa hannu, a kuma gaya wa mutumin cewa akwai kotun da ke cin irinsa diyya, da an tashi da wani abu dabam. Sau da yawa ba sai an je kotu ba. Wasiƙar lauya guda ɗaya tana sauya yadda mutum ke zama a kan tabarmar sulhu.

Akwai abubuwan da ake tsorata mata da su waɗanda ba su da tushe. Na farko, ana ce mata tunda babu takarda, babu aiki. Dokar Ƙwadago ta ce yarjejeniyar aiki tana ƙulluwa ko da baki ne, kuma sashe na 7 ya ɗora wa mai ɗaukar aiki, ba ma'aikaci ba, nauyin ba da rubutattun sharuɗɗa cikin wata uku da fara aiki. Rashin takardar laifinsa ne. Rajistar sa hannu ta safe, jadawalin darasi mai sunanta, saƙon banki na shigar albashi, duk suna nuna ta yi aiki a wurin. Shi ya sa duk wadda ta samu hali ta ce a tura mata albashi ta asusu maimakon a miƙa mata a hannu, ta yi wa kanta gata biyu: ta samu shaida, ta kuma rage shiga ofis ita kaɗai.

Na biyu, ana ce mata idan ba ta kawo shaidu huɗu ba, za a kama ta da ƙazafi. Haddin ƙazafi yana kan wanda ya jefi wani da zina ne. Matar da ta ce shugabana ya neme ni na ƙi, ya rage mini matsayi, ba ta ce an yi zina ba. Kotun Ma'aikata kuma ba shaidu huɗu take nema ba, tana auna hujjar ɓangarorin biyu ne ta ga wadda ta fi nauyi. Duk da haka, a nan ne amfanin lauya yake tun kafin a furta komai a bainar jama'a, domin ƙarar ɓata suna gaskiya ce, kuma ita ce makamin farko da mai kuɗi ke ɗauka. Rubuta zargi a Facebook ba shigar da ƙara ba ne.

Maganar shaida kuwa, wayar da ake bi ta cikinta a dame ta, ita ce babbar mai ba ta shaida. A 2018 wata ɗaliba a Jami'ar Obafemi Awolowo ta naɗi muryar wani farfesa yana neman ta da lalata kafin ya ba ta maki. Hukumar ICPC ta gurfanar da shi, Babbar Kotun Tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu a Disamban shekarar. Ba don muryar nan ba, da maganarta ce da tasa, kuma mun san wadda za a ɗauka. Wannan shari'a ta nuna wani abu da ya shafi ma'aikatan gwamnati: jami'in da ya yi amfani da kujerarsa ya nemi mace kafin ya sa hannu a takardar ƙarin girma ko canjin wurin aiki, cin hanci ya nema, ko da ba kuɗi ba ne. Saboda haka kada a goge saƙo. Idan ana tsoron a gan shi a gida, a tura wa 'yar'uwa ko aminiya ta ajiye. A rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa. A gaya wa mutum ɗaya amintacce a ranar da abin ya faru, ba bayan wata shida ba. Idan kuma abin ya kai ga kai hannu, ya tashi daga rigimar aiki ya zama laifi, hanyarsa ta 'yan sanda ce da asibiti, kuma kowace sa'a tana da muhimmanci.

Maganar ciki da haihuwa ma tana cikin wariyar da aka saba da ita har ba a ganin ta. Sashe na 54 ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. A makarantun kuɗi da yawa, abin da ake yi shi ne a ce mata ta je ta huta, in ta yi arba'in ta leƙo. Ta leƙo ta tarar da wata a ajinta.

To ina lauyan yake? Hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya, wadda aka fi sani da Legal Aid, tana nan tun 1976, kuma dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana Najeriya tun 1964. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975. Duk ba a biyan su kuɗin shiga. Amma ƙarfinsu yana manyan biranen jihohi ne, kuma mafi yawan lokacin lauyoyin gwamnati yana tafiya ne a kan waɗanda ke tsare a gidan yari suna jiran shari'a. Mutumin Funtuwa ya fi kusa da Zariya a kan Katsina. Kotun Ma'aikata tana da zama a Kano da Kaduna, amma ka ce wa matar da albashinta bai kai kuɗin buhun masara ba ta riƙa hawa mota tana zuwa ana ɗage zama, ka san ba ka ba ta shawara ba. Gyaran 2011 ya yi kyau, sai dai ya ɗauke shari'ar aiki daga kotunan da ke kusa da mutane ya kai ta inda sai mai hali. Kuma ko ta ci, a aikin 'yan kasuwa ba a cika tilasta wa mai kamfani ya mai da ma'aikaci ba. Diyya ake bayarwa.

Mai aikin gona kuwa ta fi kowa zama a waje. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira dubu 70 a 2024, ta cire masu aikin damina da kaka, da waɗanda ake biya bisa yawan abin da suka yi, da duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Idan ka tace matan yankin nan da wannan rariya, kaɗan ne za su rage a sama. Matar da ake biya da awon audugar da ta cira, ta kuma san idan ta ɗaga murya gobe ba ta cikin mota, Yarjejeniya ta 190 ta ambace ta da kyau, amma ba wanda ya taɓa karanta mata ita da Hausa.

Amina Lawal ta samu lauyoyi ne saboda hukuncin da aka yanke mata ya girgiza duniya. Abin da ke samun malamar makaranta da mai cirar auduga ba ya girgiza kowa, don haka ba wanda zai taso daga Abuja dominsa. Abin da yankin ke buƙata bai kai girman sabuwar doka ba. Tebur ne guda a Funtuwa da wani a Malumfashi, rana ɗaya a mako, ranar kasuwa in da hali, lokacin da fitar mace ba ta jawo tambaya. A zaunar da mace a wurin, lauya ko wadda aka horar, mai jin Hausa kuma mai sanin fiƙihu gwargwado, wadda za ta iya rubuta wasiƙa, ta raka mace zauren sulhu, ta kuma gane shari'ar da ta cancanci a ɗauke ta zuwa Kano. Lauyoyin da ke cin abinci a kotunan Funtuwa za su iya yin karɓa-karɓa. Kuɗin mota da na takarda kuwa, Ma'aikatar Shari'a da ta Harkokin Mata ta jiha ne ya kamata su ɗauka, tunda gwamnatinsu ce ta sa hannu a dokar 2023.